Lambar Wando Ba Awon Ƙugu Ba Ce

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar ƴan asalin Gamu, mazauna gida da na ci-rani

Ƴan'uwa da suka taso daga Damagaram da Yamai da Agadas da Kano, da waɗanda takardar nan za ta iske a Libiya ko Aljeriya, muna gaishe ku da hanya, muna gaishe ku da aiki.

Maganar da aka ɗora mana yau, wani zai ce ba ta isa a tara dattawa a kanta ba, don maganar wando ce da riga. Amma ku duba abin da ke faruwa kowace shekara in salla ta matso. Yaro ya yi wata da watanni yana ɗaukar kaya ko yana haƙa a ƙasar mutane, ya tsimi abin da ya samu, ya sayo wa mahaifinsa da ƙannensa tufafi, ya biya kuɗin mota aka kawo su har Gure, daga nan aka ƙaraso da su gida. Aka kwance ƙunshi. Wandon wa ya ƙi wuce cinya, na ƙane kuwa sai an ɗaure shi da igiya. Mai aike ya ce ai lambar da aka faɗa masa ita ya saya. Na gida su ce bai kula ba ne, ko kuwa ya manta da girman mutanensa. Kuɗi ya tafi, ran mutum biyu ya ɓaci, alhali babu mai laifi a cikinsu. Laifin na lambar ne. Abin da muke so kowa ya tafi da shi ke nan: lambar da ke rubuce a wuyan riga ko a ƙugun wando suna ce da masu kamfani suka raɗa wa tufar. Awon jikin mutum wani abu ne dabam, sai an ɗauko shi daga jikin.

Mu fara da abin da muka gada, don dattawa sun fi mu saninsa. Wandonmu na gargajiya ba ya da lamba, kuma ba ya bukatarta. Ana yanka shi da faɗi sosai, a yi masa ƙubaka, a zura zariya. Mai ƙiba ya sassauta, siriri ya tsuke. Wando ɗaya zai yi wa mutum da kaka lokacin da rumbu ke cike, ya kuma yi masa da bazara lokacin da jiki ya zube. Babbar riga haka take. Zanen mace ma haka, yadi biyu ne, ita ke ɗaura shi yadda ya yi mata, ko tana da ciki ko ta haihu. Awon da ake yi a da, na ƙyalle ne: kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da gaba, da taƙi. A ƙasar Barno har kuɗi aka yi da siraran ƙyallayen auduga da ake kira gabaga, ana auna su da hannu. Wato a wurinmu tufa ce ke bin jiki. Wandon Nasara kuwa an yanke shi an rufe bakinsa da maɓalli, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, jiki ne zai bi shi. Daga nan matsalar ta faro.

To me ya sa lambar ba ta faɗin gaskiyar ƙugu? Dalilai ne da dama, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ma'aunin ba ɗaya ba ne. Mu a Nijar mun gaji mita da santimita daga Faransa. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun gaji yadi da inci daga Ingila, kuma ko da yake gwamnatinsu ta koma kan mita, teloli da ƴan kasuwar tufafi da inci suke aiki. Inci ɗaya santimita 2.54 ne daidai, haka ƙasashen da ke aiki da shi suka tsayar a shekarar 1959. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91 da ɗoriya, bai kai mita ba. Mu da muke zaune tsakanin ma'auni biyu, ƙafa ɗaya a Kasuwar Dole ta Damagaram, ɗaya a Kantin Kwari da Ƙofar Wambai ta Kano, mu ne wannan bambanci ya fi cuta.

Ga misali. Mutum ne ƙugunsa santimita 84. A lissafin Faransa lambar wandon maza kusan rabin zagayen ƙugu ce, saboda haka shi mai lamba 42 ne. A lissafin inci kuwa shi mai lamba 33 ne. In wandon ɗinkin Italiya ne, a kan ƙara huɗu a kan ta Faransa, sai ka ga an rubuta 46. Mutum ɗaya, ƙugu ɗaya, lamba uku. Yanzu a ce ya buga wa ɗansa waya a Kano ya ce masa, "Arba'in da biyu nake sawa." Yaro ya shiga kasuwa ya ce a ba shi 42. Mai kaya zai miƙo masa mai inci 42, wanda ya kusa santimita 107. Rarar ta haura santimita 20, ta fi taƙi guda. Uban ya faɗi gaskiya, ɗan ya sayi abin da aka ce, mai kaya bai yi ha'inci ba, wando kuma bai yi ba.

Na mata ya fi wannan rikici. Rigar da Bafaranshiya ke kira 38, a Italiya 42 ce, a Jamus 36, a Ingila 10, a Amurka 6. Waɗannan lambobi na Ingila da Amurka ba inci ba ne ba santimita ba ne, lambobin jeri ne kawai. Harufan nan kuma na S da M da L da XL, ma'anarsu ƙarami, matsakaici, babba, babba ƙwarai. Amma babba a wurin wa? Abin da aka ɗinka don kasuwar Sin aka rubuta masa L, sau da yawa bai kai M na Amurka ba. Kun san tiya: sunanta ɗaya a kowace kasuwa, amma mai sayen hatsi da ya san abin da yake yi sai ya duba kwanon da ake awo da shi kafin ya yi ciniki. Lambar tufa ma sai an yi mata haka.

Akwai lamba guda da ta fi sauran faɗin gaskiya, ya kamata ku gane ta. A kayan Sin za ku ga an rubuta kamar 175/84A. Ta farko tsawon mutum ce, santimita 175. Ta biyu, in wando ne, zagayen ƙugu ce, santimita 84. In riga ce, zagayen ƙirji. Harafin kuma yana nuna sigar jiki, A na matsakaici ne. A kayan yara na Turai kuma za ku ga 104 ko 116 ko 128. Wannan tsawon yaron ne da santimita. In aka rubuta shekaru, kada ku dogara da su, don yaran da aka auna aka fitar da lissafin ba namu ba ne.

Wannan ya kawo mu dalili na biyu, wato jikin wa aka auna. Ɗinka tufafi da yawa bisa lamba ya bunƙasa ne da kayan soja. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an bukaci kakin dubban sojoji cikin gaggawa, babu halin tela ya auna kowa, sai aka kasa mutane rukuni rukuni. Na mata ya zo daga baya. A 1939 da 1940 ma'aikatar gona ta Amurka ta sa aka auna mata wajen 15,000, aka buga sakamakon a 1941, kuma awon farar fata kaɗai aka yi aiki da shi. A kan wannan aka gina ƙa'idar lambobi ta 1958. A 1970 aka mayar da ita ganin dama, a 1983 aka janye ta. Tun daga nan kowane kamfani a can yana da nasa ma'aunin. Abin lura a nan shi ne, mai yanka wando a masana'anta yana da mutum guda a zuciyarsa, mai ƙugu kaza da kwankwaso kaza da cinya kaza. Dogon Bafillace siriri da gajeren mutum mai ƙirar ƙarfi suna iya yin ƙugu ɗaya, amma wando ɗaya ba zai yi musu ba. Mata da yawa sun san wannan: siket ya yi daidai a ƙugu ya ƙi wuce kwankwaso, ko ya wuce kwankwaso ya bar rami a baya.

Dalili na uku, wurin da wandon ke zama. Ƙugun mutum na ainihi yana tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, wajen cibiya ko sama da ita kaɗan. Wandon da dattawa suka sani a da, nan yake zama. Wandon jin da samari ke sawa yanzu yana sauka ƙasa da cibiya, ya zauna a kan ƙashi. Ga siririn mutum wannan wuri ya fi ƙugu faɗi. Ga mai tumbi kuwa ya fi ƙugu ƙanƙanta, don wandon yana shiga ƙarƙashin tumbin ne. Saboda haka awo ɗaya ba ya isa ga wando iri biyu. Sai an san inda za a ɗaura shi, a auna wurin.

Dalili na huɗu, sararin da tela ke bari. Duk telan da ya iya aikinsa ba ya yanka tufa daidai da jiki cif. Yana ƙara ɗan sarari don mutum ya zauna, ya durƙusa, ya hau raƙumi ko babur, ya ci abinci ya yi numfashi. Ciki yana faɗaɗa in an zauna. Masu masana'anta ma suna barin wannan sarari, amma wani kamfani lambar jiki yake rubutawa, wani kuma lambar tufar bayan an ƙara sararin, kuma ba sa gaya wa mai saye wacce ce.

Dalili na biyar shi ne daɗin baki na ƴan kasuwa. Mutanen ƙasashen da ake ɗinka wa kayan nan sun yi ƙiba a cikin shekarun baya, kuma ba sa son a ce musu sun yi. Sai kamfanoni suka riƙa faɗaɗa tufa suna barin tsohuwar lamba, don mai saye ya ji daɗi ya ce har yanzu lambarsa ta samartaka yake sawa. A 2010 wata mujallar Amurka mai suna Esquire ta auna wandunan maza na kamfanoni dabam dabam waɗanda duk aka rubuta musu inci 36. An samu mai 37, an samu mai 39, har da mai 41. Inci biyar kusan santimita 13 ke nan. Kun ga ko a ƙasa ɗaya, da ma'auni ɗaya, lambar ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Dalili na shida ya shafi gwanjo, wanda wasu ke cewa bosho, kuma shi ne akasarin abin da ƙarfinmu ke kaiwa. Dila ɗaya in aka kwance ta, za a iske kayan ƙasashe da yawa, na shekaru dabam dabam, kowanne da lissafinsa. Bayan haka kayan an riga an sa su. Auduga tana tsukewa in aka wanke ta da ruwan zafi aka busar a inji, kamar yadda suke yi a can. Mai roba a ciki yana saki in ya tsufa. Wani wandon ma mai shi na farko ya kai wa tela an rage shi, takardar lamba kuwa tana nan yadda take. Araha ba ta ado in tufar ba ta shiga ba.

Na ƙarshe, jikin kansa ba ya tsayawa. Ƙugun mutum da safe dabam, bayan ya sha fura dabam. Wanda ya bar gida shekara uku yana riƙe da siffar mutanensa ta ranar da ya tafi. Ƙanen da ya bari yana kiwon awaki ya zama saurayi, mahaifi ya rame ko ya yi jiki, matarsa ta haihu. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma idon da ya yi shekara uku bai ga mutum ba, kimarsa ta tsufa.

To mene ne magani? Ba ya da tsada, kuma ba sai wanda ya yi lakwal ba.

Hanya ta farko ita ce zare. A samo igiya siririya wadda ba ta miƙewa, kada a ɗauki roba. Mutum ya tsaya a miƙe, ya saki cikinsa, kada ya tsuke numfashi don kunya. A zagaya igiyar a daidai inda yake ɗaura wando, a bar wurin shigar yatsa biyu, a yanke. A yi ta biyu a wurin da kwankwaso ya fi faɗi. A yi ta uku daga ƙugu zuwa idon sawu. A ƙulla wa ta farko ƙulli ɗaya, ta biyu biyu, ta uku uku, don kada su rikice, a haɗa na kowane mutum wuri ɗaya da wata alama. Mata su auna mata a cikin gida. Duk mai komawa ci-rani sai ya tafi da su a aljihu, ba su da nauyi. In ya je kasuwa, ya sa maɓallin wando, ya shimfiɗa shi, ya ninka igiyar ƙugu biyu ya ɗora a bakin wandon daga gefe zuwa gefe. In ta yi daidai, ya saya, ko wace lamba aka rubuta. Igiya ba ta san Faransa ba, ba ta san Ingila ba.

Hanya ta biyu ta waya ce, ga wanda ya riga ya yi nisa. A je wurin tela ya auna da tef ɗinsa, a aika da lambar ta WhatsApp ko a faɗa da baki. Sharaɗin shi ne a faɗi ma'aunin tare da lambar: "santimita 84", ko "inci 33". Kada a ce 84 ko 33 a yi shiru. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, mai ƙananan gidaje ita ce santimita, mai manya ita ce inci. Akwai kuma wani tef na Sin wanda manyan gidajensa ba inci ba ne, wani awo ne nasu mai santimita 3.3. Ga yadda za a gane: a tef na gaskiya inci 10 yana faɗawa kan santimita 25 da ɗan ɗori. In ya faɗa kan 33, a bar wannan fuska a yi aiki da santimita. Mai saye shi ma ya sayi nasa tef, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, ya auna bakin wando a shimfiɗe ya ninka biyu.

Dabarun kasuwa da muka saba, na naɗa ƙugun wando a wuya ko zura hannu daga gwiwa zuwa dunƙule, suna ɗan taimakawa in mutum kansa yake saya wa, kuma in ba mai tumbi ba ne. Amma wuyanka ba zai auna ƙugun babanka ba.

In an yi shakka tsakanin biyu, a ɗauki babba. Tela a Gure ko a kasuwar Gidigir zai rage wando cikin ɗan lokaci. Ƙarawa kuwa sai in an bar rarar ƙyalle a ɗinkin baya, kuma wandon jin ba a bar masa. Na yara a ƙara musu tsawo, a naɗe ƙafa, baɗi a kwance. Dattawa kuma da iyaye mata, abin da ya fi shi ne a aiko da yadi ko turmin atamfa da kuɗin ɗinki. Telan gida zai auna mai tufar da kansa, kuɗin ɗinkin kuma ya zauna a garinmu.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi tufa muhimmanci. Wasu cikin ƴan'uwanmu da Allah ya buɗa wa a birni sun bar noma da tafiyar ƙasa, sun koma zaman shago da shayi mai sukari. Irin wannan mutum zai ce maka shekara goma lamba ɗaya yake sawa, alhali wandon ne ya yi ta sauka ƙarƙashin tumbi. Kitsen ciki yana tafiya tare da ciwon sukari da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗari yana ƙaruwa in ƙugun namiji ya wuce santimita 94, na mace 80, yana kuma tsananta in ya wuce 102 ga namiji, 88 ga mace. Wannan awo a ƙugu na ainihi ake yinsa, tsakanin haƙarƙari da ƙashin kwankwaso, ba inda wando ke zama ba. Akwai gwaji mai sauƙi da igiyar nan tamu: a yanke ta daidai tsawon mutum daga ƙasa zuwa ka, a ninka biyu, a zagaya ƙugu. In ta haɗu, madalla. In ta kasa haɗuwa, ya kamata mutum ya je likita a duba jininsa da sukarinsa. Ban da mace mai ciki, ita nata lissafin dabam ne. A ɗaya gefen kuma, dattijon da zariyarsa ke ta ƙara tsawo ba tare da ya rage ci ba, shi ma a kai shi a duba shi, kada a ce tsufa ne kawai.

Saboda haka muna roƙon kowane mai gida, kafin baƙinmu su koma, a zauna a yanke igiyoyin mutanen gida a ba su. Muna roƙon telolinmu su taimaka wa wanda ya zo neman awo, su rubuta masa da ma'auninsa. Samarinmu na waje kuma, in kaya suka zo ba su yi ba, kada ku ce an raina ƙoƙarinku. Na gida, kada ku ce an manta da ku. A kai wa tela abin da zai gyaru, a ba maƙwabci abin da ba zai gyaru ba, a aika da awo don gaba.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya ba mu damina mai albarka.